Martani: Wa Zai Danne Jinin Kafin Motar Asibiti Ta Iso?

Wani malaminmu da ke yawan rubutu a kan al'amuran Hausawan Abijan ya fitar da maƙala kwanakin baya, inda ya ja kunnen iyaye da shugabannin zango game da samari da 'yan matan da suka fara zuwa koyon agajin gaggawa. Na karanta ta sau biyu. Na kuma ji ana karanta wa wasu dattawa ita a ƙofar masallaci bayan isha'i, suna ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne ya hana ni yin shiru. Malam babba ne a wurina, ya riga ni zuwa garin nan, ya riga ni ɗanɗana zaƙinsa da ɗacinsa, kuma na tabbata tausayin yaranmu ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Amma a wannan magana ya kauce hanya, kuma irin kaucewar da ake biya da ran mutum ce.

Bari in kawo hujjojinsa yadda ya shimfiɗa su, kada a ce na rage masa mudu. Ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne: wanda aka koyar na 'yan kwanaki zai ɗauki kansa likita, ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ƙarasa wanda da ya rayu, alhali ƙasa tana da ma'aikatan da aka tanada domin wannan aiki. Ya ce mu baƙi ne a Kodebuwa, kuma baƙon da aka tarar da jinin wani a hannunsa shi zai kwana a ofishin 'yan sanda, shi asibiti zai riƙe ya biya kuɗin magani. Ya ce yaranmu neman abinci ya kawo su, wannan horo kuwa ba ya sa tukunya a wuta. Ya ce idan talakawa suka ɗauki aikin ceto a kansu, sun sauke wa gwamnati nauyin da ke wuyanta. Daga ƙarshe ya taɓo addini: mace ta durƙusa a kan namijin da ba muharraminta ba a tsakiyar titi, da kuma cewa wanda kwanansa ya ƙare babu ɗaurin da zai tsare shi.

Kafin in amsa ko ɗaya, zan faɗi abin da idona ya gani, domin daga nan ra'ayina ya fito.

Shekarun baya, wata ranar Laraba bayan la'asar, ina tsaye bakin rumfata kusa da babbar tashar Ajame. Wani yaro ɗan dako, bai wuce shekara ashirin ba, yana turo amalanke cike da buhunan albasar Galmi. Wata motar haya, gbaka, ta yo baya ba tare da karen motar ya duba ba, ta matse shi da amalanken, wani ƙarfe ya yanke shi a cinya. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake, yana tafiya da bugun zuciyarsa. Kafin ka ce kwabo mun fi mutum hamsin a kansa. Wani ya kwara masa ruwa a ka. Wata mai sayar da ruwan leda ta ɗago kansa tana ɗura masa a baki. Wani ya ruga ya kawo garin kofi wai a barbaɗa a ciwon. Wasu sun tare direban suna neman dukansa. Ni kuma ina tsaye ina salati, hannuwana biyu a kaina. Duk cikinmu babu wanda ya sa tafin hannunsa a kan ciwon ya danna. Da aka ga idonsa yana juyawa aka cicciɓe shi, aka tura a bayan tasin woro-woro, aka nufi asibitin Tireshbil. Ba su haye gada da shi da rai ba.

Bayan wasu shekaru na shiga ajin agajin gaggawa. A rana ta farko mai koyarwar ya kwantar da ɗayanmu a tabarma, ya ce a ɗauka cinyarsa ce ta yanke. Ya naɗe tsumma, ya ɗora a wurin, ya danna da nauyin jikinsa duka, ya ce kada a ɗaga don a leƙa. Ya ce idan jinin ya ƙi tsayawa, a sami ƙyalle mai faɗi a ɗaure sama da ciwon, ta wajen gangar jiki, a zura sanda a murɗa har tsartuwar ta ɗauke, a rubuta ƙarfe nawa aka ɗaure. Darasin bai kai minti goma ba. Rawanin da ke wuyana a ranar Larabar nan ya isa, sandar da ake tokare amalanken ta isa. Na fita waje na zauna a kan dakali, na daɗe ban iya komawa ajin ba.

To, Malam, ga inda hujjarka ta farko ta karye. Ka rubuta kamar zaɓin da ke gaban mai rauni shi ne ko likita ko mai ƙaramin sani. A titin Ajame babu likita a cikin minti biyar na farko. Waɗanda ke wurin su ne mai shayi da mai facin taya da karen mota da ni da kai. Kuma jama'a ba sa tsayawa su naɗe hannu. Kowa yana yin abin da ya ji an ce ana yi. Ashe taɓa mai rauni za a taɓa shi, ko da horo ko babu. Abin tambaya kawai shi ne, hannun da zai taɓa shi ya san abin da yake yi, ko bai sani ba? Wa ya fi haɗari ga yaron nan, wanda ya koyi danne jini na minti goma, ko mu hamsin da muka ba shi ruwa da garin kofi?

Da Malam ya zauna a ajin ko na yini ɗaya, da ya ga cewa fiye da rabin abin da ake koyarwa hani ne. Kada ka ba wanda ya suma ruwa, zai shaƙe. Kada ka cicciɓi wanda mota ta buge kamar buhu, wataƙila ƙashin bayansa ya karye, ɗagawarka ce za ta shanye masa ƙafafu. Kada ka zare wuƙa ko ƙarfen da ya shige jiki, shi ne ya toshe hanyar jinin. Kada ka tura cokali a bakin mai farfaɗiya, kada kuma ka gudu don tsoron yawunsa, ba a ɗaukar cutar ta nan. Ka kawar da abin da zai buge shi, in ya lafa ka juya shi ta gefe. Kada ka ba da ƙwaya, kada ka yi allura. Wane ƙuƙumi ne ke cikin ilimin da yawancinsa koya wa mutum iyakarsa ne?

Dubi sana'o'inmu ma. Garba, abincin da duk Abijan ke ci, da sunan mutanenmu aka san shi, kuma samarinmu ne ke tsaye daga safe zuwa dare a gaban kaskon mai yana tafasa suna soya kifi. Masu gasa naman shukuya suna tsakanin wuƙa da garwashi. Mahauta suna mayankar Port-Bouët, 'yan dako suna tashar jiragen ruwa da kasuwanni. Ranar da kasko ya kife a ƙafar yaro, me ake yi masa? A fasa ɗanyen ƙwai, a shafa man goge baki, wani ya ce gishiri, wani ya ce manja. Duk waɗannan suna riƙe zafi a cikin nama, suna kuma kai ƙazanta cikin ciwo. Abin da ake koyarwa shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har kusan minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Bara na yi wa wani mai garba haka a bayan layinmu. Na riƙe hannunsa a bakin famfo yana ihu yana ce mini in ƙyale shi a kawo ƙwai, maƙwabta suna cewa ruwa zai sa wurin ya tashi. Na ƙi saki. Yau yana nan yana suyarsa, yatsunsa biyar suna lanƙwasuwa.

Malam ya ce a bar wa ma'aikata. Ni ma ina girmama su. Sojojin kwana-kwana, waɗanda ake kira ta lamba 180, suna da bariki a Indénié, tsakanin Ajame da Filato. Motocin likitocin SAMU ana kiran su ta 185. Babban asibitin koyarwa yana Tireshbil, cibiyar likitocin zuciya ma tana cikin harabarsa. Amma duk wanda ya taɓa shiga mota daga Ajame da ƙarfe shida na yamma ya san cewa kusa a ido ba kusa ba ne a taya. Jiniya tana kuka, gbaka ta toshe gaba, woro-woro ta toshe baya, masu talla sun cika gefe, babu inda za a matsa. Jikin mutum kuwa ba ya jiran cunkoso. Babbar jijiya idan ta yanke tana iya ƙarar da mutum cikin minti biyar. Zuciya idan ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida, kuma kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, aiki ne da mai ɗinki zai iya koya a yini guda. Gwanayen likitocin Tireshbil ba za su iya dawo da ƙwaƙwalwar da ta yi rubu'in sa'a babu jini ba. Mai agajin farko ba kishiyarsu ba ne; shi ne ke kai musu mutumin da sauran abin da za a yi masa.

Akwai kuma ranakun da motocin ƙasar duka ba za su isa ba. Ranar 29 ga Maris 2009, a filin wasa na Félix Houphouët-Boigny, kafin wasan Kodebuwa da Malawi, turmutsitsi ya kashe mutum 19, sama da 100 suka ji rauni. Daren shiga shekarar 2013, kusa da wannan filin dai, bayan wasan wuta, mutum sama da 60 suka mutu, da yawansu yara da mata. A watan Agustan 2011 motar bas ta SOTRA ta faɗa ruwa daga gadar da ta haɗa Tireshbil da Filato, mutane gommai suka halaka. A irin wannan rana mutane ne kwance birjik, wasu sun suma amma suna numfashi, abin da suke bukata kawai a juya su ta gefe kada harshe ko amai ya toshe musu maƙogwaro. Mota nawa za ta yi wannan a lokaci ɗaya? Hannuwan da ke wurin ne kaɗai za su yi.

Kada kuma a ce wannan zato ne na ɗan kasuwa. An gwada, kuma a maƙwabtanmu aka gwada. Wani bincike da likita Charles Mock da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 ya nuna cewa a Kumasi kashi 51 cikin 100 na waɗanda suka ji mummunan rauni suna mutuwa ne kafin su kai asibiti, alhali a birnin Seattle na Amurka kashi 21 ne. Da suka ga cewa direbobin haya ne ke ɗauko yawancin masu rauni, sai aka tara direbobi 335 a Gana aka ba su horo na awa shida kacal. Da aka bibiye su daga baya, kusan kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce sun riga sun yi amfani da abin da suka koya a kan hanya. A Kampala an yi irinsa da 'yan sanda da direbobi da shugabannin unguwa sama da 300, horon yini ɗaya, kuma bayan wata shida kusan dukan waɗanda aka tambaya sun yi aiki da shi. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyi ke cire wa manoma ƙafafu nesa da kowane asibiti, likita Hans Husum da tawagarsa sun horar da ma'aikatan lafiya na karkara da ƙauyawa sama da 5,000, mace-macen masu rauni suka sauko daga kusan kashi 40 zuwa kusan kashi 15 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, tun 2005, ta shawarci ƙasashen da ba su da wadatar motocin asibiti su fara da horar da mutanen gari. Direban Kumasi ya fi direban Ajame kai ne? Manomin Kambodiya ya fi ɗan zangon Tireshbil hankali ne?

Inda na yarda da Malam shi ne, akwai mai ƙaramin sanin da ke kisa. Amma ba a ajin agaji yake ba. Yana kasuwar Roxy a nan Ajame, inda ake auna ƙwayoyi a faranti kamar gyaɗa, rana tana dukansu, mai sayarwa yana rubuta wa mutane magani da baki. Yana cikin ɗakunan da ake yi wa yara allura ba takarda. Idan wani yaro ya sa rigar agaji ya fara irin wannan, ni zan fara kai ƙararsa. Kuma gaskiya ne hannu yana mantuwa. Wanda ya koya bana, in bai maimaita ba, baɗi sai ya rikice. Maganin wannan shi ne a riƙa komawa ana sabuntawa. Ba a rufe makaranta don ɗalibi yana mantuwa.

Sai maganar baƙunci, kuma a nan ba zan yi gaggawa ba, don na san daga inda tsoron ya fito. Mun ga shekarun rikici, daga 2002 zuwa 2011, lokacin da sunanka da rigarka suke iya zama laifi a shingen hanya. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, ranar da wani bidiyon ƙarya ya yi yawo a Facebook aka ce 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan ƙasa, aka far wa mutanenmu a unguwanni irin su Abobo da Yofugon, aka fasa rumfuna, aka raunata mutane, aka yi asarar rai. Wanda ya ga wannan, in ya ce wa ɗansa "ka kama kanka, ba garinku ba ne", ba za a kira shi matsoraci ba.

Amma a duba da kyau. A ranar nan ta Mayu, da aka fasa wa yaranmu kai, wa ke kusa da su? Mu ne. Wa ya san yadda ake tsayar da jinin? A tasha, a kasuwa, a mayanka, wa ke yawan jin rauni in ba mai aikin ƙarfi ba, kuma su wa ke aikin ƙarfi a garin nan? Shawarar Malam, in an bi ta, ba ta tsare baƙo daga komai. Tana barin baƙo ne ya mutu a hannun 'yan'uwansa suna kallo. Sannan dokar Kodebuwa, kamar ta Faransa, tana hukunta wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da ikon taimaka masa ko kiran taimako ba tare da ya jefa kansa a halaka ba, ya ƙi. Ashe wanda ya juya baya ne ya saɓa doka, wanda ya durƙusa yana kan hanya.

Abin da na lura da shi kuma, wanda ke shiga tsaka mai wuya yawanci shi ne wanda ya ruɗe ya jefa mai rauni a tasi, ya isa asibiti shi kaɗai, ba shaida, ba bayani, ba ya jin Faransanci sosai. Horon yana koya maka tsari ne da zai tsare ka: ka fara kare wurin kada wata mota ta ƙara, ka kira 180 ko 185, ka faɗi unguwa da alamar da za a gane wurin da adadin mutane da halin da suke ciki, kada ka kashe waya sai an ce ka kashe, ka sa safar hannu, in babu ka zura hannunka a leda mai tsabta saboda cututtukan da ake ɗauka ta jini, ka yi abin da ka iya a gaban jama'a, in ma'aikata sun iso ka gaya musu abin da ka gani da abin da ka yi, ka miƙa musu. Mai katin shaidar horo a aljihu, da kiran da ya yi a rubuce a wayarsa, ya fi kowa a wurin hujja.

Kuma har yaushe za mu riƙa kiran kanmu baƙi? Tun shekarun 1950 'yan Nijar ke dako a Tireshbil. Mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauki fim a kansu a wancan zamani, Umaru Ganda yana ciki tun yana matashi mai aikin ƙarfi. Akwai gidaje a zangon nan da aka haifi kaka a ciki, aka haifi jika. Muna da masallatai, muna da sarakuna, muna da filaye a maƙabarta. Mutanen da suka shekara 70 a gari ba za su ce jinin da ke zuba a titinsa ba ruwansu ba.

Maganar cewa horon ba ya kawo kuɗi, gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce sana'a ce. Mai son zama ma'aikacin jinya ga makarantar INFAS nan a Tireshbil, ya ci jarrabawar shiga ya yi shekarunsa. Wannan kuwa kwanaki ne kaɗan, ana iya yi a ƙarshen mako. Yaron da ke kwana kallon ƙwallo ba zai talauce don ya ba da Asabar biyu ba.

A kan gwamnati, bakinmu ɗaya da Malam har rabin hanya. Motocin asibiti sun yi kaɗan ga birni mai mutum sama da miliyan biyar. Ƙofar asibiti ma tana da nata ciwo. Ba a manta da ƙurar da ta tashi a 2014 bayan rasuwar wata matashiya, Awa Fadiga, ba, lokacin da ƙasar duka ta yi ta muhawara a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a sashen gaggawa. Sai mu ci gaba da neman haƙƙinmu da babbar murya. Amma wace gwamnati ce a duniya ta taɓa ajiye likita a kowace kwana? A Jamus ba a ba ka lasin tuƙi sai ka kawo shaidar ka koyi agajin farko, kuma ba rashin motocin asibiti ya sa su haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana cin mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Za mu ce wa uwar yaron da ke zubar da jini ta yi haƙuri, mun ƙi koyon ɗauri ne don kada gwamnati ta samu sauƙi?

Abin da ya fi yi mini ciwo a maƙalar shi ne shigo da ajali. Mun yi imani kowa da ranarsa. Amma Malam da kansa in zazzaɓi ya kama shi yana shan magani, in zai tsallaka babban titin Nangui Abrogoua yana duba hagu da dama. Ba mu san ranar kowa ba, shi ya sa aka ɗora mana yin sababi. A tarihinmu akwai Rufaida al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma wurinta aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Mace ce, majinyacin namiji ne. Malamanmu sun fi ni sanin babin larura. Idan kuma ana kishin kada namiji ya taɓa mace, to wannan hujja ce ta a koyar da mata da yawa. Na sha ganin mace ta faɗi a kasuwa maza sun yi cirko-cirko, kowa yana jin nauyin taɓa ta, matan da ke wurin kuma ba su san abin yi ba sai fifita da salati. A cikin gida ma, yaron da ya shaƙe da gyaɗa, ko ya jawo tafasasshen ruwa, ko ya sha kananzir a kwalbar lemo, wa ke kansa in ba uwa ba?

Ga kuma abin da nake so dattawan ƙofar masallaci su auna. Babu zangon da ba shi da masu wankan gawa, maza da mata. An koya musu, an san gidajensu, ko tsakar dare aka buga musu ƙofa za su fito. Muna da makara a jingine, muna da asusun likkafani, muna da wanda ya san hanyar takardun maƙabarta. Mun ce farilla ce da in wasu suka ɗauka ta sauka a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma haka ne. Mun shirya tsaf domin mutum bayan ransa ya fita. Minti biyar kafin ya fita fa, wa muka tanada? A Kano da Zariya da Sakkwato ƙungiyoyin addini sun daɗe da 'yan agajinsu masu kaki, ana ganinsu a filin idi da wurin wa'azi da sansanin alhazai, ba wanda ya ce sun fita daga tarbiyya.

Matsayina bai canza ba. Kowane masallacin Juma'a a Ajame da Tireshbil, kowane layin kasuwa, kowace ƙungiyar direbobi da mahauta da masu garba, su fitar da mutum uku ko huɗu, a cikinsu har da mata, a biya musu daga asusun jama'a. A je wurin masu abin: ƙungiyar Croix-Rouge ta Kodebuwa, wadda ke wannan aiki tun 1960, ko hukumar kare farar hula ta ONPC, ko 'yan kwana-kwana. Matsala ta gaske da Malam bai ambata ba ita ce harshe, domin da Faransanci ake koyarwa, yawancin 'yan dakonmu kuwa Hausa da Zabarmanci da Julanci suke ji. To a nemi a haɗa su aji guda, ɗalibanmu na jami'a su yi tafinta, tun da aikin na hannu ne, ido ke koyonsa. A ajiye ƙaramin akwati a masallaci da rumfar shugaban layi, da safar hannu da bandeji da almakashi, a san wanda ke riƙe da mabuɗi. A riƙa maimaitawa duk shekara.

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, ina roƙonka abu ɗaya. Ranar da za a yi aji na gaba zan zo har gida in ɗauke ka. Ka zauna a kujera, ba sai ka durƙusa ba, ka kalli darasin tsayar da jini kawai, minti goma ne. In ka fito kana kan ra'ayinka, ka sake rubutawa, zan karanta. Mai karatu kuma, kafin ka ajiye wannan takarda, ciro wayarka ka adana lambobin nan biyu: 180 da 185.